Amarya, mayafi ba zai rufe bayan nan ba

Na gaji da ganin amare a Garou suna kokawa da mayafi a daren bikinsu. Yarinya ta ga hoto a waya, ta shiga kasuwar Malanville ta sayi leshi mai tsada, ta miƙa wa tela ta ce "irin wannan sak". Rigar kuwa mai yankakken baya ce, wuyanta ya zurara har kusan ƙugu. Uwa ta yi magana, sai a ce mata, "Haba Inna, ai mayafi zai rufe."

Ba zai rufe ba. Mayafin amaren yanzu raga ne shara-shara, fitilar mai hoto na haska shi komai ya fito. Kuma amarya ba gunki ba ce da za a girke wuri guda. Za ta durƙusa ta gaida surukai, ƙawaye su ja ta fili, masu liƙi su kewaye ta. Duk motsi ɗaya mayafin sai ya zame, hannunta ɗaya na riƙe da jaka, ɗayan na faman janyo shi. Wayoyi goma na bayanta. Kafin asuba bidiyon ya ƙetare kogi ya isa Gaya, ƙila har Kwatano, kuma babu mai goge shi.

Masu cewa haka Turawa ke yi ma ba su duba da kyau ba. Farar rigar da Sarauniya Victoria ta sa ta yi suna a 1840 ake kwaikwayo, amma Kate Middleton da ta shiga gidan sarautar Ingila a 2011 rigarta mai dogon hannu ce, bayanta a ɗinke har wuya.

Akwai laifin gasa da ƙawaye, wannan kowa ya sani.

Abin da tela ba ya faɗa miki shi ne, baya ke riƙe kafaɗun riga. Idan aka zurfafa yanka, nauyin duwatsun leshi sai ya ja rigar gaba, kafaɗu su riƙa saɓulewa, rigar mama kuma ba ta da wurin ɓuya. Idan fasalin ne ya burge ki, ki sa a cike wurin da yadi mai kauri kalar rigar, a jera maɓallai ko a yi aiki a kai. Kada ki yarda da ragar nan mai kalar fata, daga nesa tsiraici take nunawa. Ki je gwaji saura mako biyu, da takalmin da za ki sa. Ki zauna, ki durƙusa, ki ɗaga hannu, yayarki na tsaye a bayanki tana kallo. Idan bikin ya faɗo cikin zafin Afrilu, shafin ciki ya zama na auduga.

Ku kuma teloli, don Allah ku gaya wa yarinya gaskiya kafin ku sa almakashi a leshinta.