Shimfiɗa katako da tabarma cikin jirgin kamun kifi

A tabkin Madarunfa da na Tabalak, da kogin Kwara wajen Gaya, yawancin jiragen masunta na katako ne. Amma akwai wani ƙaramin jirgi da ake yi da alminiyom, ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. Ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, mutum biyu na iya ɗaukarsa.

Sai dai yana da nasa aibi. In rana ta yi zafi yana ƙuna ƙafa. In ruwa da yauƙin tarwaɗa suka zuba ciki, santsi gare shi. In wani abu ya faɗi ciki, ƙararsa tana korar kifi. Shi ya sa mai irin wannan jirgi yakan shimfiɗa katako a cikinsa, ya ɗora tabarma bisa.

Aikin yana son hankali. Na farko, katakon ya zauna ƙasa-ƙasa, dab da cikin jirgin. In aka ɗaga shi sama kamar gado, nauyin masunci zai koma bisa. Da ya miƙe zai jefa birgi, sai jirgin ya karkata ya kife.

Na biyu, katakon ya zama marar nauyi. Duk kilo ɗaya na katako ya rage kilo ɗaya na kifin da jirgin zai ɗauka. A shafa masa fenti ciki da baya, har bakin da aka yanka, don kada ya sha ruwa.

Na uku, kada a huda jirgin, kada a buga masa ƙusa. Baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe in ya jima manne da alminiyom cikin ruwa, sai alminiyom ɗin ya cinye, jirgi ya fara yoyo. A haɗa katakon gida biyu ko uku, a aza shi kawai, yadda za a iya cire shi. A bar fili ta baya inda ƙwarya za ta shiga a kwashe ruwa.

A Amurka masu irin wannan jirgi suna liƙa kafet bisa katakon. Amma kafet yana riƙe ruwa da yashi da ƙarnin kifi, ƙugiya kuma tana maƙalewa cikinsa. Tabarmar kaba ko ta roba ta wadatar. In an dawo daga su, a cire ta, a wanke, a shanya. Katakon ma a jingine shi ya sha iska.

Ga babbar magana. Jirgin alminiyom in ya cika da ruwa, nutsewa yake yi har ƙasa, sai in an sa masa abin da zai riƙe shi. Bido mai litar 20, in ba komi ciki kuma an rufe bakinsa da kyau, yana riƙe kusan kilo 20 bisa ruwa. Masunci ya ɗaure irinsu gaba da baya da igiya mai ƙarfi.

In an gama aiki, a gwada jirgin bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Masunci ya miƙe, ya zauna, ya jefa birgi. In jirgin yana tangaɗi fiye da da, a rage katakon tun ba a shiga tsakiyar ruwa da yara ba.