Barmani Choge: Macen Da Ta Ci Abinci Da Muryarta

Wannan mako za mu ba ku labarin Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Choge, shugabar masu kiɗan amada.

Mutuniyar ƙasar Funtuwa ce, cikin Jihar Katsina. An yi mata aure tana yarinya, aka kuwa yi dace mijin makaɗin garaya ne, bai hana ta waƙa ba. Wajen 1973 ta ɗauki abin sosai ya zama sana'arta, tana renon 'ya'ya tana zuwa gidajen biki da suna.

Kun dai san amada. A kan cika babbar ƙwarya ko baho da ruwa, a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, a riƙa bugu da 'yan sanduna, waɗansu ƙoren kuma a kife su a ƙasa. Dā kiɗan cikin gida ne, mata zalla, ba ya ƙetare zaure. Barmani tana cikin waɗanda suka fito da shi fili, har ya shiga rediyo da kaset da talabijin. Kafin ita Uwaliya Mai Amada ta Kano ta yi suna, amma Barmani ta ƙara wa abin barkwanci da faɗin gaskiya ba kunya, kan kishi da zaman aure da haihuwa. Waɗansu suka ce ta cika baki, mata kuwa suka ce ta faɗi abin da ke ransu.

To, shugabar waƙa ba ita kaɗai ta ke aiki ba. Ita ke ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, masu ƙwarya su riƙe kiɗa. In amshi ya yi sanyi, ko muryar wace ce sai waƙa ta mutu. Amma da ya ke ita ce a gaba, sunanta kaɗai ya fita, har ya zama ba a cewa ƙungiyar su wance, sai dai a ce Barmani ta zo. Matan da suka yi shekaru suna bayanta kuwa, wa ya riƙe sunayensu? Saboda haka uwargida, ran da kika kira masu ƙwarya bikin 'yarki, in kin yi wa shugaba kari, kada ki manta da na bayanta.

Cikin waƙoƙinta akwai wadda a ke kira A Kama Sana'a Mata, inda ta gargaɗi mata su bar zaman jiran hannun miji. Ba ta kuwa faɗa da baki kaɗai ba, ita ma da sana'arta ta riƙe kanta shekara wajen 40, har Allah ya yi mata rasuwa cikin watan Maris 2013.

Ba cewa mu ke kowace mace ta zama mawaƙiya ba. Wata saƙa ce tata, wata ƙuli-ƙuli, wata ɗinki, wata kuwa karatu ne zai kai ta aikin asibiti ko koyarwa. Ke dai 'yar makaranta, dubi abin da Allah ya hore miki tun yanzu, ki zauna bayan wadda ta iya ki koya, kada ki raina matsayin 'yar amshi. Mai ba da waƙa ma sai da ta saurari na gaba da ita.

Allah ya jiƙan Barmani, ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin. Sai mako mai zuwa.