Itatuwan Gona a Rijiyar Zaki

Gonakin da suka rage a gefen Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, a tsakiyar gonakin ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya da kanya da gawo. Baƙo na iya zaton ragowar daji ne. Manomi kuwa ya san kowace da gangan aka bar ta tun tana tsiro, aka kauce mata da fartanya, domin ita ma amfanin gona ce, sai dai girbinta yana zuwa ne lokacin da rumbu ya fara sauka.

Dubi ɗorawa. Da bazara yara na shan garinta mai ruwan ƙwai, mata su wanke kalwa, su dafa ta kwana guda, su surfe, su rufe ta har ta ruɓa ta zama daddawa, a kai kasuwa. Ganyen kuka ana shanya shi a inuwa don kada korensa ya dushe, a daka, ya riƙe tukunyar miya har damina ta dawo, ɓawonta kuma a tufka igiya. Tsamiya ita ke gyara kunun buɗe baki da azumi. Shi ya sa idan ana rabon gado ko cinikin gona, ana lissafin bishiyoyin da ke cikinta.

Wasu za su ce inuwa tana kashe shuka, kuma tsuntsaye na samun mafaka. Gaskiya ne a ƙarƙashin ɗorawa gero ba ya yin kyau, amma manomi ya riga ya auna: damin da ya rasa, kalwa ta biya shi. Gawo kuwa ya rushe wannan ƙorafi, domin da damina yake zubar da ganye, rana ta samu shuka, da rani ya yi kore, awaki su taru suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Hatsin da ke gindinsa yakan fi na gefe ƙarfi.

Wasu kuma na cewa yawan jama'a shi ke cinye itatuwa. Tarihin karkarar Kano bai goyi bayan haka ba. Wani masani, Michael Mortimore, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, kuma binciken itacen girki na Kano da aka wallafa a 1990 ya nuna bishiyoyin gonakin kusa da birni ba su ragu ba duk da fari. A lokacin, reshe ake sarewa a bar gindi, jakai su kai itace birni su dawo da taki a mangala. A Nijar ma, renon tohon kututture da aka fara a Maraɗi tun shekarun 1980 ya taimaka wajen farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Barazanar yau ita ce yankan filoti. Mai sayen fili ba ya jiran kalwa, ranar da aka sauke bulo ake kiran mai gatari. Saboda haka ya kamata masu unguwanni da hukumar tsara birni su sanya tsofaffin bishiyoyin nan cikin taswira kafin a kafa turaku, domin kukar da aka sare cikin wuni ɗaya, jikoki ne za su ga madadinta.