Ƙaramin Kuskuren Da Ya Tsai Da Kwamfuta Miliyan 8.5

Ran Juma'a 19 ga watan Yuli, 2024, aka wayi gari kwamfutoci wajen miliyan 8.5 masu aiki da Windows sun tsaya cik a ƙasashe dabam-dabam. Bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama duk abin ya shafe su. Kamfanin Delta na Amurka kaɗai sai da ya soke tashin jirage kimanin 7,000. Abin mamaki, ɓarnar ta fito ne daga CrowdStrike, kamfanin da aka biya don ya tsare na'urorin.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe da masana ke kira kanel, watau cibiyar da ke tafiyar da na'urar. Shi ke raba wurin ajiya, shi ke ba kowace manhaja izinin aiki. In manhaja ta yi kuskure a waje, sai a rufe ta ita kaɗai. Amma in kuskuren ya auku a cikin kanel, to na'urar duka za ta faɗi. Can ciki kuwa manhajar tsaro ta wannan kamfani, mai suna Falcon, take aiki.

A ranar, kamfanin ya aika da wani fayil mai lamba 291, wanda ya umurci manhajar ta duba bayani na 21, alhali kuwa 20 kaɗai aka tanadar mata. Ba ta ƙirga ba, sai ta miƙa hannu gurbin da ba nata ba. A harsunan C da C++, waɗanda da su ake rubuta yawancin irin wannan aiki, ƙa'ida ba ta faɗi abin da zai biyo baya ba in an ƙetare iyaka haka. Mai yiwuwa a wuce lafiya, ko asiri ya tonu, ko na'ura ta mutu.

Sakacin a fili yake. Duk wanda ya taɓa gadi a Ikko ya san ba a buɗe wa baƙo ƙofa sai an bincike shi, ko da ya ce maigida ne ya aiko shi.

Bayan minti 78 aka janye fayil ɗin, amma na'urori da yawa sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu. Daga baya kamfanin ya sa manhajar ta riƙa ƙirga bayanan da aka ba ta, ta kuma duba iyaka kafin ta karanta. Ya kuma ce nan gaba zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi-kashi, ba gaba ɗaya ba.