Tsara Jerin Tagogi a Manhajar Girkawa

Manhajar da za a girka a kwamfuta takan zo da jerin tagogi: ta maraba, ta yarjejeniyar lasisi, ta zaɓen wurin ajiya, sai ta kammalawa. Mai haɗa manhajar girkawa shi ke yanke wace taga za ta biyo wace, da wadda za a tsallake.

A tsarin Windows Installer, wanda Microsoft ya fitar a 1999 tare da Office 2000, wannan hukunci yana cikin jadawalin ControlEvent. Kowane layi yana ɗauke da sunan taga, maɓalli, aikin da zai gudana, sharaɗi da lambar jeri. Umarnin NewDialog yana rufe taga ya buɗe wata, SpawnDialog kuwa yana ɗora ƙarama a kan babba, irin wadda ke tambaya ko da gaske ana son sokewa. Masu haɗa manhajar girkawa da WiX, da aka saki kyauta a 2004, suna rubuta wannan da Publish. A Inno Setup, wani tsarin girkawa na daban, ShouldSkipPage ke tsallake shafi.

Wurare biyu aka fi tuntuɓe. Idan sharuɗɗa biyu suka cika a maɓalli guda, mai lambar jeri mafi girma ne kaɗai ke buɗe taga. Sannan idan aka gyara hanyar gaba aka bar ta baya, mai girkawa zai danna komawa ya faɗa tagar da aka ɓoye masa.

Batun ya shafi Mubi kai tsaye, garin da ke da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, ga kuma jarrabawar JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. A ɗakin da ke da na'urori da dama, irin na makarantu da cibiyoyin jarrabawa, danna maɓalli a kowace ɓata lokaci ne, don haka akan yi girkawar shiru da umarnin msiexec /qn. A wannan yanayi babu tagar da ke fitowa, kuma duk binciken da aka rataya wa maɓalli kaɗai ba zai gudana ba.

Saboda haka aikin taga shi ne tambaya da karɓar amsa. Sharuɗɗan dole, kamar nau'in Windows da ake buƙata, a jadawalin LaunchCondition ake sa su. Kowace amsa kuma a ba ta suna da manyan haruffa, domin a iya shigar da ita ta layin umarni ba tare da taga ba.