Ambaliya, Itace Da Hasken Rana A Yammacin Zamfara

A cikin watan Agusta na shekarar 2024 ne ruwa ya yi ambaliya a garin Gummi, ya rushe gidaje, ya shanye gonaki, har Gwamna Dauda Lawal ya tafi can da kansa don ya jajanta wa jama'a. Lissafin gwamnatin jihar ya nuna magidanta fiye da 10,000 ne abin ya shafa. Tun hawaye bai bushe ba, sai ga shi a tsakiyar watan Satumba wani jirgin ruwa ɗauke da manoma masu ƙetarawa zuwa gonakinsu ya kife kusa da garin, aka yi hasarar rayuka masu yawa.

Anka da Bukkuyum da Gummi ƙananan hukumomi uku ne a jere, waɗanda Gulbin Zamfara ya ratsa kafin ya gangara ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Fadamun wannan gulbi su ne rumbun jama'ar yankin, domin nan ake noman shinkafa da damina, da rani kuwa a yi albasa da tumatir da tattasai. Dattawan da suka ga farin 1973 sun saba da tsoron ƙarancin ruwa. 'Ya'yansu kuwa tsoro biyu ke gare su, watau ruwan ya ɗauke ana tsakiyar damina, ko kuma ya zubo gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Ba laifin sama kaɗai ba ne. Inda aka sare itatuwa ƙasa ta zama fili fetal, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi ya nutse, sai ya kwashi yashi ya zuba cikin gulbi. Gulbin da yashi ya cike kuwa ba ya ɗaukar ruwa kamar da, sai ya fantsama cikin gari, ga shi galibin gidaje na ƙasa ne. Saran itacen ma ba don ganganci ake yinsa ba: da itace da gawayi mafi yawan gidaje ke girki. Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin, saboda dubban mutane sun baro ƙauyuka sun tare a garuruwa irin su Anka, daji mai nisa ba ya shiguwa, don haka itatuwan bakin gari ne ke shan gatari.

Ta fuskar noman rani kuma, janye tallafin man fetur da aka yi ran 29 ga Mayu, 2023, ya ɗaga kuɗin lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Manomin da ke ban ruwa da injin fetur shi ya san zafin wannan. A nan ne injin ban ruwa mai aiki da hasken rana yake da amfani, domin lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, kuma in an saya an gama da sayen mai. Cikas ɗinsa shi ne tsadar saye tun farko, da ɓarayi, da ƙarancin masu gyara. Ƙaramin manomi ba zai iya shi kaɗai ba sai ta hanyar ƙungiyar gama kai ko rance mai sauƙi.

A kan takarda dai ba a rasa tanadi ba. A 2021 aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa, a shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin kafa shingen itatuwa don tare hamada. Sa'an nan dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara sha'anin wutarsu da kansu, abin da zai iya sauƙaƙa kafa ƙananan tashoshin hasken rana a garuruwan da turakun lantarki ba su kai ba. Sai dai kuma ma'aikacin da ba ya iya kwana a Bukkuyum saboda tsoro, da wuya ya duba aiki a ƙauyukanta.

Wanda ke shakkar ko mutanen yankin za su iya riƙe irin wannan aiki, to, ya tuna da 2010, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi magani, ƙwararru sun auna ƙasa, amma da hannun mutanen gari aka kankare gurɓatacciyar ƙasa gida gida aka zuba sabuwa, hakimai da masu unguwanni kuma suka tsaya a fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. A 2013 aka yi wa Bagega irin wannan aiki.

Dashen itace ma irin wannan tsayawa yake bukata. An sha yin bikin dashe a ƙasar nan tun shekarun 1970, a ɗauki hoto a watse. Dogon yaron da aka dasa a watan Yuli ba ya kai wata damina sai an yi masa shinge saboda awaki, an kuma sami mai ba shi ruwa daga Maris zuwa Mayu, kuma ladan wannan mutumin ne ya kamata a fara rubutawa cikin kasafin kowane shiri.