Lodin Michael Scofield

Kowa ya taɓa ganin mai babur ranar kasuwa ya ɗora buhun masara uku, ya aza katifa a sama, ya ɗaure akuya a baya. Hankali ya ce kayan nan ba za su kai gida ba, amma ido ya ƙi barinsa. In ya nufi rami sai gabanka ya faɗi, in ya wuce lafiya ka yi hamdala, alhali ko sunansa ba ka sani ba. Irin kallon da nake yi wa Prison Break ke nan, shirin da tashar Fox ta Amurka ta fara nunawa a 2005.

Dubi lodin da Paul Scheuring ya yi wa labarin. An yi wa Lincoln Burrows sharrin kashe ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa, aka yanke masa hukuncin kisa. Ƙaninsa Michael Scofield, injiniyan gini, ya yi fashi a banki da gangan don a kai shi kurkukun Fox River inda yayan ke jiran ranarsa. Taswirar gidan yarin a fatarsa take, an zana masa da allura, an ɓoye ta cikin hotunan mala'iku da shaiɗanu. Ya yi ƙaryar ciwon suga don ya riƙa shiga asibitin kurkuku, likitar kuma sai ga ta 'yar gwamnan Illinois. Wane ne a duniya abubuwa za su jeru masa haka?

Duk da haka igiyar da ta ɗaure kayan mai ƙwari ce, wato zumunci. Ban yarda da zanen jikin ba, amma na yarda mutum zai iya zubar da aikinsa da mutuncinsa saboda yayan da ya raine shi. Kuma hanyar ba ta zo wa Michael da sauƙi ba. Mutanen wani fursuna, John Abruzzi, sun datse masa 'yan yatsun ƙafa biyu bai buɗe baki ba. Daren da suka fara yunƙurin gudu suka tarar an sauya bututun da ya daɗe yana ɓurmawa a ƙarƙashin asibiti. Ga T-Bag, mugun da dole ta sa aka tafi da shi. Wannan wahala ce ta sa nake yi wa Michael fatan alheri da zuciya ɗaya. Ganuwar ma ta gaske ce, domin a tsohon kurkukun Joliet da aka rufe a 2002 aka ɗauki zangon farko na shirin.

Daga baya aka yi ta ƙara kaya: wani kurkuku a Panama, mutuwar Michael a 2009, sannan a 2017 aka ce yana raye a Yaman. A nan na ji an zalunci labarin, don Lincoln ya daɗe da tsira daga kujerar lantarki. Kashi 22 na zangon farko su nake ba wa duk wanda ya tambaye ni inda zai fara.